Kafin ki ce littafin ya yi ƙarya: yadda ake gwada haɗin kapkek a kicin ɗinmu na Kumasi

Wata ƙanwata daga Asawase ta aiko da tambaya kamar haka: "Hajiya, barka da aiki. Yayana da ke Amurka ya aiko mini da littafin gashin kek, kusan rabinsa kapkek ne, ƙananan kek ɗin nan da ake gasawa a kofin takarda. Na gwada kala uku. Na farko ya faɗa a tsakiya, na biyu ya yi tauri kamar burodi, na uku ya yi kyau amma kirim ɗin kansa ya zube kafin baƙi su iso. Ina so in bi littafin ɗaya bayan ɗaya, in ware masu kyau don in fara karɓar oda. Ta yaya zan gane ko laifin littafin ne ko nawa?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka wa yayanki da alheri. Na daɗe ina gashin kek a Aboabo, na kuma koyar da 'yan mata da dama, kuma kusan duk wadda aka kawo wa littafi daga waje sai ta zo mini da irin wannan kukan. A yanzu dai ba ki da hujjar kama littafin da laifi, ba ki kuma da hujjar zargin hannunki, domin ba abin da marubuciyar ta gasa kika gasa ba. Ita ta yi nata da fulawar ƙasarsu, da ƙwan ƙasarsu, a ɗaki mai sanyi, cikin oben da ke tsayawa inda aka sa shi. Ke kuma kin yi naki da abin da kika samo a Kejetia, cikin zafin Kumasi. Sai kin kawar da wannan bambancin tukuna kafin ki zauna kujerar alƙali.

Bari mu fara da awo, don nan ne yawancin ɓarnar take. Littafin Amurka da kofi yake magana, kuma kofinsu na awo ne, mai ɗaukar kusan mililita 240. Kofin shayin gidanki bai san wannan zance ba, haka gwangwanin bota da 'yan kasuwa ke auna mana gari da shi. Ko da ma kin sayi kofin awo na gaskiya, akwai sauran rina a kaba. Idan kika zuba fulawa da cokali a hankali kika share bakin kofin da wuƙa, za ki samu giram 120 zuwa 125. Idan kika luma kofin cikin buhu kika ɗebo, fulawar ta danne, za ki iya samun giram 150 ko fiye. A haɗin da ke son kofi biyu, kin ƙara kusan rabin kofi ba tare da kin sani ba. Ina kyautata zaton nan kek ɗinki na biyu ya samo taurinsa. Mu kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, gaskiya ne a tuwo da miya da waakye. Kek bai yarda da wannan karin maganar ba. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir, wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya. Ya fi miki injin bugawa amfani, ya kuma fi shi araha nesa ba kusa ba.

Da sikeli ya shigo, ki ɗauki fensir ki juya awon littafin a gefen shafi. Kofi ɗaya na sukari giram 200 ne. Sandar bota ɗaya, wadda littattafan Amurka ke yawan ambata, giram 113 ce, wato rabin kofi. Ƙaramin cokali mililita 5, babban cokali mililita 15, kuma shafaffe ake nufi, ba mai tozo ba. Ƙwan da suke kira babba yana da kusan giram 50 idan an fasa an cire ɓawo. Kiret ɗin da muke saye kuwa kin san yadda yake, wani ƙwai kamar na zabo, wani kamar na agwagwa. Ki fasa, ki kaɗa, ki auna. Idan haɗin ya ce ƙwai biyu, giram 100 kike nema, ko da ƙwai biyu da rabi ne suka ba ki shi. Idan wata rana littafin Ingila ya faɗo hannunki, ki lura babban ƙwansu ya fi na Amurka girma, amma su da giram suke rubutu, sun rage miki wahala.

Sai fulawa. A kasuwarmu akwai mai ƙarfi ta masu burodi da mai laushi ta masu kek da cincin. Idan ba ki faɗa wa mai shago abin da za ki yi ba, wadda ke kusa da hannunsa zai auna miki. Fulawar burodi tana da yawan sinadarin da ke sa kwaɓi danƙo, shi ne ke riƙe burodi ya tashi ya yi jan baki, shi ne kuma ke mayar da kapkek abin tauna. Mai laushi za ki ce a ba ki. Idan littafin ya nemi fulawar kek ta musamman ba ki samu ba, daga kowane kofi ki cire babban cokali biyu ki mayar da sitacin masara fari na gwangwani, ki tankaɗe da rariya sau biyu. Idan kuma ya nemi fulawa mai tashi da kanta, ki sa ƙaramin cokali biyu na bekin fauda a kowane giram 150.

Maganar bota ita ce wadda na fi so ki tsaya ki saurara, don a nan ne littafin ke faɗar gaskiyar da a wurinmu take zama tarko. Zai ce ki fitar da bota ta huce ta kai zafin ɗaki. Ɗakin wa? Marubuciyar tana nufin digiri 18 zuwa 20, inda bota ke lotsawa idan kin danna yatsa amma tana nan da siffarta. Kicin ɗinmu da rana yakan haura digiri 30, ga gas a kunne, ita kuwa bota tana fara narkewa daga digiri 32 zuwa 35. Idan kika bi umarnin kika bar ta awa biyu a kan tebur, abin da za ki tarar ya kusa zama mai. Dalilin buga bota da sukari shi ne ƙwayoyin sukarin su huda botar su cusa mata iska, wannan iskar ce bekin fauda ke hurawa a cikin oben har kek ya tashi. Botar da ta saki jiki ba ta riƙe iska. Kek zai fito a danne, ƙasan takardar ya jiƙe da maiƙo. Ni minti goma zuwa sha biyar nake ba ta bayan na fitar daga firij, in yanka ƙanana. Ranar da zafi ya yi yawa nakan ɗora kwanon bugawar a kan wani mai ruwan sanyi. Mafi sauƙi ma shi ne ki yi gashinki bayan Asuba, kafin rana ta buɗe ido.

Na san bota ta gaskiya tana da tsada, yawancinmu da majarin muke aiki. Babu laifi, amma ki karanta jikin robar. Bota tana da mai kusan kashi 80 cikin ɗari. Wasu irin majarin da ake shafa wa burodi mansu bai kai haka ba, ruwa ne ya cike gurbin, kuma ruwan nan zai shiga kwaɓinki ya sauya shi. Ki nemi wadda aka yi don gashi. Sannan kusan duk majarin ɗinmu da gishiri take zuwa, littafin kuma bota marar gishiri yake nufi, don haka ki rage gishirin da ya ce ko ki bar shi gaba ɗaya.

Madara ba ta da wuya. Ta gwangwani irin Ideal ko Peak an ƙafe ruwanta ne, ki haɗa ta da ruwa daidai wa daida ta koma kamar madarar da littafin ke nufi. Inda ya nemi madara mai tsami, kindirmo ko yogot marar sukari da aka ɗan sassauta da ruwa ya wadatar, ko ki matsa babban cokali ɗaya na lemun tsami a kofin madara ki bar shi minti biyar. Kada ki ce za ki sa madara zalla a wurin, domin yawanci irin wannan haɗin da bekin soda yake tafiya, ita kuwa soda sai ta gamu da tsami take aiki. In ba ta samu ba, kek ba zai tashi yadda ya kamata ba, sai ɗanɗanon sabulu a baki. Bekin fauda tana ɗauke da tsaminta a jikinta, shi ya sa ba a musanya ɗaya da ɗaya. Kuma damina tana kashe ta. Gwangwanin da ya kwana biyu a buɗe, ki zuba ƙaramin cokali a ruwan zafi, idan bai yi kumfa nan take ba, ya zama gari kawai.

A kek ɗin cakulan muna da gata, tunda koko amfanin gonar ƙasarmu ne, muna cikin manyan masu nomansa a duniya. Garin koko zalla irin na Golden Tree da ake yi a Tema yana da tsaminsa na asali, ya dace da haɗin da ke da soda. Milo kuwa abin sha ne, da sukari da madara a ciki. Na ga masu zuba shi a madadin koko suna mamakin me ya sa kek ya fito fari-fari yana kama hannu.

Wani abu da littafin ba zai gaya miki ba saboda ba da mu ya yi tunani ba: ruwan banila na asali da giya ake jiƙa shi, a Amurka ma doka ce ta ce kada giyar ta gaza kashi 35 cikin ɗari. Ki duba jikin kwalba, akwai garin banila, akwai kuma ruwan da ba giya a ciki. Haka idan kin ga jelatin, abin da ke sa kirim daskarewa, a wani kirim, ki binciki daga wace dabba aka yi shi. Tunda jama'ar zango za ki sayar wa, gara ki san amsar kafin a tambaye ki.

Yanzu oben. Digiri 350 da kike gani a littafin a ma'aunin Faranhait ne, a namu kusan 180 ke nan, a oben ɗin gas mai lambobi kuma lamba 4. Idan naki mai fanka ne ki rage digiri 20. Amma abin da aka rubuta a jikin maɓalli alkawari ne kawai, ba kowane oben ke cika shi ba, balle irin namu na ƙasan murhun gas mai kai huɗu, wanda wutarsa ke ƙasa tana dukan gindin faranti. Ki sayi ma'aunin zafi na cikin oben ki rataye. Kafin ki samu, ki jera yankan burodi a faranti ki gasa minti kaɗan, inda ya fara ƙonewa nan ne wutar ta fi ƙarfi, sai ki san gefen da za ki riƙa juyawa. Ki bar oben ya yi zafi na minti goma sha biyar kafin ki sa komai. Ki cika takardun kashi biyu cikin uku. Kada ki buɗe ƙofa kafin minti goma sha biyar, ko da ƙamshi na kiran sunanki. Yawancin kapkek tsakanin minti 18 da 22 suke nuna, ki soka tsinke a tsakiya, idan ya fito da ɗan ɓurɓushi ba danyen kwaɓi ba, ya yi. Idan na lantarki ne naki, ki yi la'akari da dumso, wato ɗauke wuta. Kwaɓin da wuta ta ɗauke masa a minti na takwas ba ya cikin lissafin gwaji, ki ba yara su cinye ki sake.

Masu gasawa a tukunya da yashi a kan kurfoti, kada ku ji an bar ku a baya, da ita na fara. Tana yin kek mai kyau. Sai dai ba na gwada sabon haɗi a cikinta, don zafinta na yau daban da na gobe.

To, ga yadda nake gwajin kansa. Kafin in taɓa sabon littafi, nakan fara gasa wanda na sani kamar yunwar cikina, wato irin kwin kek ɗin da muka taso muna ci a suna da biki. Ki auna ƙwai biyu da ɓawonsu, duk abin da sikeli ya nuna ki auna bota, sukari da fulawa kowanne daidai da shi, ki sa bekin fauda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, madara babban cokali ɗaya ko biyu, da ɗan gyaɗar ƙamshi. Zai ba ki ƙanana goma sha biyu. Idan wannan ya fito daidai, to kayanki da obenki lafiya suke, duk abin da ya biyo baya ki tuhumi littafi. Idan shi ma ya faɗa a tsakiya, ki rufe littafin tukuna, matsalar tana gida.

Daga nan ki zaɓi haɗi ɗaya, ki karanta shi har ƙarshe kafin ki fasa ƙwai. Da ido ma ana kama wasu kurakuran. Kofi ɗaya na fulawa yakan so bekin fauda ƙaramin cokali ɗaya ko ɗaya da kwata, soda kuwa kwatan ƙaramin cokali. Idan kin ga abin ya ninka haka sau uku, ki yi zargin kuskuren ɗab'i, don tsakanin tsp (ƙaramin cokali) da Tbsp (babban cokali) harafi ne kawai. Na taɓa faɗawa wannan ramin da wani littafi da wata ɗalibata ta kawo. Kek ɗin ya kumbura kamar zai fasa oben, muna ta murna, kafin mu juya ya rufta ya bar rami, ga ɗaci. Sau biyu muka yi kafin na zauna na lissafa.

Karon farko ki yi shi yadda aka rubuta, ko da zuciyarki na cewa sukarin ya yi yawa. Kuma rabi za ki yi, guda shida, don kayan nan ba kyauta ake ba mu ba. Idan rabin ya faɗo a kan rabin ƙwai, ki kaɗa ki auna giram 25. Karo na biyu ki sauya abu ɗaya tak. In kin rage sukari, kin sauya bota da mai, kin ƙara minti biyar duk a tashi ɗaya, ko ya gyaru ba za ki san wanda ya gyara shi ba. Game da sukarin, gaskiya ne haɗin Amurka ya fi bakinmu zaƙi, amma sukari yana da wani aikin bayan zaƙi: shi ke riƙe damshi, ya sa laushi, ya ba saman launi. Ki fara da rage kashi goma cikin ɗari. Ni ba na wuce kwata, daga nan kek ya fara bushewa. Yawancin zaƙin da ke hawa kai ma daga kirim yake.

Ruwa ba ya tsami banza, kowane kek da ya lalace yana faɗar dalilinsa. Wanda ya faɗa a tsakiya, ko bai nuna ba, ko an buɗe ƙofa da wuri, ko abin tashi ya yi yawa, ko an cika takarda. Wanda ya yi tsini ya tsage, wuta ta yi yawa, saman ya ƙame kafin cikin ya gama tashi. Wanda kika raba kika ga dogayen ramuka a ciki, an cika juya shi bayan an zuba fulawa, da zarar farin gari ya ɓace ki ajiye ludayi. Wanda takarda ke saɓulewa daga jikinsa, an rufe shi ne da sauran ɗumi.

Ɗanɗanawa ma da ladabinta. Ki fara ci ba kirim, bayan ya huce sarai, don kirim yana rufa wa mugun kek asiri. Ki ajiye biyu a roba mai murfi ki ci washegari da jibi. Wannan ne gwajin da ya fi muhimmanci ga mai son karɓar oda, tunda kek ɗin suna da daddare ake gasa shi a ci da hantsi. Za ki lura wanda aka yi da man gyaɗa ko wani mai na ruwa ya fi daɗewa da laushi, na bota ya fi ƙamshi amma ya fi saurin ƙamewa, musamman da hunturu. Kada ki dogara da yara, komai mai zaƙi a wurinsu ya yi. Maigida kuma zai ce ya yi don a zauna lafiya. Ki nemi maƙwabciyar nan da ba ta ɓoye abin da ke ranta, kowane gida a zango yana da irinta, ki ba ta biyu ba tare da kin faɗa mata wanne ne wanne ba.

Duk abin da ya faru ki rubuta a littafin makaranta mai rahusa: kwanan wata, lokacin da kika yi, irin fulawa da majarin, zafin oben, mintuna, abin da kika sauya, da yadda ya kwana. Ba na yanke wa haɗi hukunci sai na yi shi sau uku. Idan kuma za ki gaya wa wasu ra'ayinki a kan littafin, ki faɗi abin da kika musanya. Ba adalci ba ne a sa majarin da Milo a wurin bota da koko sannan a ce marubuciya ba ta iya ba. Hotunan ciki kuwa kada su tayar miki da hankali, masu ɗaukar hoto sun zaɓi mafi kyau ne cikin da yawa.

Saura kek ɗinki na uku, wanda kirim ɗinsa ya zube. Wannan haɗin ya ci jarrabawar farko, ki sa masa alama. Kirim ɗin ne bai dace da zafin garinmu ba. Wanda aka fi sani bota ce da sukarin aisin, kusan ninki biyu na nauyin botar, kuma kin ji a digirin da bota ke sallamawa. Na taɓa ɗaukar kapkek na wani suna daga Aboabo zuwa Tafo a tirotiro, wato motar haya, go-sulo ya riƙe mu, da na buɗe kwali furannin kirim ɗin da na kwana ina yi sun zama kunu. Tun ranar nake musanya rabin botar da farin man gashi mai ƙarfi na kayan lambu, wanda ya fi jure zafi, in ƙara gishiri kaɗan da filebo don ya rufe rashin ƙamshinsa. Mai cukwin kirim da mai kirim ɗin madara da ake bugawa kuwa firij suke so daga farko har ƙarshe. Ki gwada su don cin gida, amma kada ki karɓi odarsu zuwa taron da za a yi a ƙarƙashin rumfa. Idan wurin da nisa, ki tafi da kek ɗin tsirara a kwali, kirim ɗin a jakar matsawa cikin kula mai ƙanƙara, ki yi adon a can.

Wannan makon ki sayo sikeli, ki gasa kwin kek ɗin nan na ƙwai biyu, sannan ki koma kan haɗin farko da ya faɗa ki duba yawan bekin faudarsa a kan fulawar. Ki aiko mini da abin da kika gani, da lambar da kika sa obenki a kai.